Gilashi mai tsini: yadda ake miƙe haske ya zama layi, a naɗe shi ya zama zobe

Ɗauki gilashin nan mai doro da masu gyaran salula da agogo suke duba ƙananan abubuwa da shi, ka fita da shi cikin ranar Maraɗi ta watan Afrilu, ka tara shi a kan guntun takarda. Kana ɗagawa kana saukewa, hasken yana tsukewa, har ya taru a ɗigo ɗaya mai ƙuna. Takarda ta yi baƙi, hayaƙi ya tashi. Ɗaga hannunka da faɗin yatsa biyu kawai, ɗigon ya baje, ƙunar ta tafi. Ƙarfin wannan gilashi ke nan, iyakarsa ma ke nan: yana tara haske sosai, amma a wuri ɗaya tak. Tabarau, kyamarar salula, madubin hangen nesa, har ƙwayar idon mutum, duk kan wannan tsari suke.

Akwai wani gilashin da ya saɓa musu. Fuskarsa ɗaya a shafe take, ɗayar kuma ta tashi ta yi tsini a tsakiya kamar jinkar rumbu, sai dai jinka ce da aka danne ta har ta kusa kwantawa. Gangaren yakan zama digiri 1, ko 2, ko 5, wani lokaci 20. Mai digiri 1 in ka riƙe shi a hannu, ka ce faifan gilashi ne kawai, sai ka karkata shi ga haske sannan ka ga ɗan tsinin. Sunansa aksikon. John McLeod, wani masanin haske a kamfanin Kodak da ke birnin Rochester a Amurka, shi ya bayyana shi ya kuma raɗa masa suna a 1954. A lokacin ko leza, na'urar nan mai fitar da siririn haske mai launi ɗaya, ba a ƙera ba, sai 1960 aka kunna ta farko. Abin da ya dami McLeod shi ne aikin daidaita abubuwa a kan layi ɗaya: yana son madubin da zai nuna masa alama ta kusa da ta nesa a tare, ba sai ya riƙa murɗa shi yana neman inda hoto zai fito tas ba.

Yadda yake aiki ba ya buƙatar lissafi mai zurfi. Haske in ya fito daga gilashi ya shiga iska ta kan fuska mai gangare, yakan karya hanya. Dokar wannan karyawa Ibn Sahl ya rubuta ta a Bagadaza wajen shekarar 984, kafin Turawa su sake gano ta a ƙarni na 17. A gilashi mai doro, gangaren ba ɗaya ba ne: tsakiya kusan a shafe take, baki kuma ya fi karkata. Don haka tsirkiyar hasken da ta bi ta baki tana shan karyawa da yawa, wadda ta bi ta kusa da tsakiya tana shan kaɗan, kuma an auna doron yadda dukansu za su haɗu a ɗigo ɗaya. A gilashi mai tsini kuwa gangaren ɗaya ne daga tsini har baki. Kowace tsirkiya da kusurwa ɗaya take karkata zuwa layin tsakiya. Wadda ta fito daf da tsini, nan kusa za ta riski layin. Wadda ta fito daga can baki, tafiyarta ta fi tsawo, sai can gaba za ta iso. Tsakanin waɗannan biyu, kowane taki na layin yana da nasa rabon hasken da ke sauka a kansa daga kowane gefe. Maimakon ɗigo, sai aka samu layi.

Mu sa lamba, don magana ta zauna. A ce gilashin na silika ne, wanda ma'aunin karya haskensa ya kai wajen 1.46, gangarensa digiri 1. In gangare ƙarami ne, ana samun kusurwar karkata ta hanyar cire 1 daga ma'aunin a ninka da gangaren: 0.46 sau 1, wato digiri 0.46. Tsirkiyar da ta karkata haka tana matsowa ga tsakiya da milimita 8 a kowace mita ɗaya ta tafiya. Yanzu a hasko masa koren leza da aka faɗaɗa ya kai milimita 10. Tsirkiyar baki tana da milimita 5 tsakaninta da tsakiya, saboda haka sai ta yi wajen santimita 62 kafin ta iso. Tsawon layin hasken ke nan, fiye da kamu ɗaya, daga gilashin da bai wuce faɗin kwabo ba.

To ina hasken yake zuwa bayan nan? Tsirkiyoyin ba tsayawa suke yi a kan layin ba, ƙetare shi suke yi su wuce ɗaya gefen. In ka sa farar takarda a bayan santimita 62 ɗin, tsakiyarta duhu ne, hasken ya koma zobe. A bangon da ke da nisan mita 3, faɗin zoben ya kusa santimita 5, kaurin bakinsa milimita 5. Matsa baya, zoben ya ƙara faɗi, amma kaurin yana nan yadda yake, domin duk tsirkiyoyin gefe ɗaya a jere suke tafiya, ba mai kusantar wata. Wani abin da ke ba ni sha'awa a nan shi ne hasken ya juye: wanda ya fito daga tsini, da yake shi ya fara ƙetarewa, shi ne a wajen zobe, wanda ya fito daga baki kuma shi ne a ciki.

Wannan duk bayanin tsirkiya ne, irin wanda ake zanawa da rula a kaye. Amma haske igiya ce mai kaɗawa, kuma inda igiyoyi suka haɗu, wani wuri su ƙarfafa juna, wani wuri su kashe juna. A kan layin tsakiya, igiyoyin da ke zuwa daga kowane gefe tafiya ɗaya suka yi, don haka kaɗawarsu ta zo daidai, suka ƙarfafa juna. Ɗan matsawa gefe kaɗan, sun saɓa, wurin ya yi duhu. Ƙara matsawa, sun sake daidaita. In aka yanka sandar hasken aka duba ta da madubin ƙara girma, ɗigo ne mai haske a tsakiya, zobba sirara sun kewaye shi ɗaya bayan ɗaya. Lissafin da ke bayyana wannan zane yana ɗauke da sunan Friedrich Bessel, masanin taurari na Jamus da ya rasu a 1846, shi ya sa ake cewa hasken Bessel. A 1987 ne masana uku na Jami'ar Rochester, Durnin da Miceli da Eberly, suka nuna a gwaji cewa irin wannan haske yana tafiya mai tsawo ɗigon tsakiyarsa bai buɗe ba. Su da siririyar tsaga mai siffar zobe suka yi nasu gwajin, amma ba a daɗe ba aka ga aksikon ya fi dacewa, don tsaga tana tare mafi yawan hasken, shi kuwa kusan duka yake bari ya wuce.

A misalinmu, faɗin ɗigon tsakiya wajen mikiron 50 ne, mikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Silin gashin mutum yakan kai mikiron 50 zuwa 100. Da gilashi mai doro aka tara hasken ya yi wannan ƙanƙanta, da bai wuce milimita 7 ko 8 yana a tsuke ba, sai ya buɗe. Aksikon ya riƙe shi santimita 62. Tazarar ta kai ninki 80.

Daga nan ne zuzutawa take farawa, kuma ita nake so mai karatu ya yi hattara da ita. Za ka ji ana cewa an samo hasken da ba ya bajewa, har wai yana warkar da kansa. Maganar tana da tushe, amma an cire mata farashi. Ɗigon da kake gani a santimita 10 da wanda kake gani a santimita 50 ba haske ɗaya ba ne ya yi tafiya a tsuke. Na farko ya riga ya ƙetare ya wuce, na biyu sabo ne da ya iso daga wani sashe na gilashin. Zobban da ke kewaye su ne ke ciyar da tsakiya, kuma suna cin rabonsu. Kowane zobe yana ɗauke da ƙarfi kusan daidai da na ɗigon tsakiya. A tsakiyar layinmu na santimita 62, zobban sun haura 70, wato ɗigon da ake yabo bai riƙe fiye da kashi 1 ko 2 cikin 100 na hasken ba. An sayi tsawo, an biya da ƙarfi. Ranar da tsirkiyar bakin gilashi ta iso, ciyarwa ta ƙare, layi ya mutu. Hasken da zai tafi har abada bai buɗe ba sai gilashi marar iyaka da wuta marar iyaka.

Warkar da kai ma haka take. Sa ƙwayar rairayi mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na milimita a kan layin, ta tare ɗigon ɗungurungum. Bayanta akwai inuwa, amma gajera: tsirkiyoyin da ke zuwa a karkace sun bi ta gefenta, kuma bayan milimita 6 sun sake haɗuwa a tsakiya, ɗigon ya dawo. Ba abin da ya warke, hasken da bai taɓa cin karo da rairayin ba ne ya iso. Wannan bai rage wa abin amfani ba ko kaɗan. Wanda ya san dalilin ne ma zai iya lissafa tsawon inuwar tun kafin ya kunna leza.

Inda wannan ciniki ya fi riba, a ganina, shi ne yankan gilashi. Ku tsaya wurin masu haɗa tagogin alminiyom ku ga yadda ake yi da hannu. Mai yankan ya shimfiɗa gilashi a kan tebur mai bargo, ya ɗora katako, ya ja ɗan ƙarfen nan mai ƙaramar ƙafa sau ɗaya, ƙiii, ya bar karce siriri. Sai ya kawo karcen bakin tebur ya danna, gilashi ya rabu, ƙas. Bai yanka komai ba, rauni ya yi a sama, tsagewa ta bi raunin ta sauka ƙasa da kanta. Ga miƙaƙƙen layi a gilashin taga, wannan ya wadatar. Amma gilashin fuskar salula kaurinsa bai kai milimita 1 ba, kusurwoyinsa a lanƙwashe suke, ga ramin lasifika, ga na kyamara. Irin mai ƙarfin nan kuma, kamar Gorilla Glass na kamfanin Corning, ana tsoma shi cikin narkakken gishirin potasiyom don fatarsa ta matse, kuma gilashin da ke cikin matsi in tsagewa ta kama shi ba ta tambayar hanya.

Leza mai gilashi mai doro tana tara ƙarfinta a zurfi ɗaya, ko sama, ko tsakiya, ko ƙasa, sai an yi ta maimaitawa ana sauka. Aksikon kuwa layinsa yana ratsa kaurin gilashin gaba ɗaya a bugu guda. Ana amfani da leza mai bugu gajere ƙwarai, wanda ake aunawa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na daƙiƙa, ana kuma ƙanƙanta layin da wasu gilasai ya dawo milimita 1 ko 2, ɗigon ya dawo mikiron ɗaya ko biyu. Gilashi ba ya shan irin wannan haske sai inda ƙarfinsa ya wuce wani mataki. Ɗigon tsakiya ya wuce matakin, zobba ba su kai ba. Saboda haka zobban su ratsa gilashin ba su bar tabo ba, tsakiya kaɗai ta bar siririn rauni daga sama har ƙasa. A jera irin wannan rauni dubbai, ƴan mikiron tsakaninsu, a bi duk lanƙwasar da ake so, sannan a ɗan taɓa ko a ɗan ɗumama, gilashi ya rabu a kan zanen, kusan ba gari ba ɓarɓashi. Bajewar haske cikin zobba, wanda aibi ne a wani wuri, nan shi ne ya gyara aikin. A 2010 masu bincike a birnin Besançon na Faransa sun huda ramuka a gilashi da bugu ɗaya na hasken Bessel, zurfin ramin ya ninka faɗinsa sau 100. Har yanzu ana yanka gilashin salula da yawa da injin gurzawa, amma wannan hanya ta shiga masana'antu ta zauna.

A fannin lafiya da nazarin halitta, riba da hasara sun fi kusa da juna. Na'urar da ke ɗaukar hoton cikin tsoka da haske, irin wadda likitocin ido ke duba bayan ido da ita, tana fama da matsalar ɗigo ɗaya: in an tsuke haske don hoto ya fito tas, zurfin da ake gani ya ragu. A 2002 wata tawaga a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine ta sa aksikon a irin wannan na'ura ta samu tsabtar hoto a zurfin milimita da dama. A 2011 ɗakin binciken Eric Betzig, wanda ya samu kyautar Nobel ta kimiyyar sinadarai a 2014 kan wani aikin dabam, ya share hasken Bessel gefe zuwa gefe ya zama siririn faifai, yana haska ƙwayar halitta mai rai yanki-yanki. Sai dai a nan zobban ba sa wucewa shiru, suna haska abin da ba a so, hoto ya yi hazo, dole aka nemo dabarun danne su. A Jami'ar St Andrews ta Sukotland kuma, a 2002, an nuna cewa layi ɗaya yana iya riƙe ƙananan ƙwayoyi a wurare biyu da ke jere, domin bayan ƙwaya ta farko ta tare shi yana sake haɗuwa ya kama ta biyu.

Zoben shi ma yana da nasa aiki. Ana huda rami mai da'ira da shi ba tare da an ɓata wuta wajen ƙona tsakiya ba, an kuma gwada shi a aikin tantanin gaban ido. In aka jera aksikon biyu masu gangare ɗaya yadda ya dace, na biyu yana miƙe abin da na farko ya karkatar, a samu bututun haske mai rami a ciki, wanda ake ƙara masa faɗi ko a rage ta hanyar matsar da gilasan kawai. Wannan na da amfani in za a tura leza ta cikin madubin hangen nesa mai ƙaramin madubi a tsakiya, wanda da zai tare mafi ƙarfin sashen hasken.

Me ya sa to ba a cika ganinsa ba? Ƙera shi da wuya. Fuska mai doro tana zuwa da sauƙi: in aka yi ta goga gilashi biyu da juna da garin gurzawa a tsakani, da kansu suke komawa yankin ƙwallo, ɗaya doro ɗaya kwarmi. Tsini ba ya samuwa haka, sai inji mai kwamfuta ya bi shi a hankali. Kuma duk ƙwarewar inji, kan tsinin ba ya fita da kaifi cikakke, yana ɗan dakushewa. Wannan ɗan dakushin sai ya zama ƙaramin gilashi mai doro a tsakiyar babban, haskensa ya cakuɗa da na sauran, ƙarfin layin ya riƙa hawa da sauka. Shi ya sa masu aiki da shi sukan toshe tsakiyar hasken don kada ya taɓa tsinin sam. Ga shi kuma ba ya haƙuri da karkata: in hasken bai shigo masa a miƙe ba, ɗigon tsakiya ya farfashe ya zama ɗigo-ɗigo.

Na san tambayar da mutumin Maraɗi zai yi, don rana ce dukiyar da ba mu rasa ba: ana iya tara hasken rana da shi a yi girki ko a tafasa ruwa? Tambaya ce mai kyau a jihar da ta haifi Abdou Moumouni, ɗan Tasawa, masanin kimiyyar lissafi da haske da ya ba da rayuwarsa ga makamashin rana, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa. Amsar ita ce a'a, kuma dalilai biyu ne. Mai girki so yake zafi ya taru a gindin tukunya, aksikon kuwa shimfiɗa shi yake yi a kan layi. Na biyu, rana ba ɗigo ba ce a sama, faɗinta a ido ya kai rabin digiri, wato haskenta da kansa yana zuwa a baje da kusurwar da ta kai wadda gilashin misalinmu ke karkatarwa, digiri 0.46. Siririn ɗigo da zobba duk za su narke cikin juna. Ga rana, madubi mai kwarmi shi ne gwani. Aksikon abokin leza ne, mai launi ɗaya da tsirkiyoyi a jere.

Abin da nake so malaman kimiyya na lise da ɗaliban Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi su ɗauka shi ne, wannan darasi ba ya jiran ɗakin gwaji mai tsada. Wanda ya ci karo da tagwayen firizim na Fresnel, wato siraran gilasai biyu masu gangare da aka haɗa gindi da gindi, a darasin haɗuwar igiyoyin haske ya riga ya ga rabin aksikon: yanka aksikon ta tsakiya, abin da za ka gani ke nan, kuma juya tagwayen firizim a kan layin tsakiyarsu, aksikon ne zai fito. Layukan haske da duhu na Fresnel su ne suka naɗe suka zama zobban Bessel. Mushe zai iya zana gangaren a allo, ya ƙara masa girma zuwa digiri 20 don a gani, ya sa kowane ɗalibi ya ja tsirkiya biyar a sama biyar a ƙasa da kusurwa ɗaya. Layi zai fito, zobe zai fito, juyewar ciki da waje za ta fito, har inuwar rairayi ana iya aunawa da rula. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ya daina ɗaukar cewa aikin gilashi ɗaya ne, tara haske a ɗigo. Zai fara tambayar wace siffa aikin ke bukata, sannan wace fuska ce za ta ba da ita.

In kuma an samu gilashin da ƴar leza aka zo gwaji, a kan farar takarda ake kallon haske, ba a sa ido a kan layin, ba a kuma barin agogo ko zobe mai ƙyalli a hannu. Korayen lezan nan masu araha da ake sayarwa a kasuwa sau da yawa ƙarfinsu ya fi abin da aka rubuta a jikinsu, wasu kuma suna fitar da wani haske da ido ba ya gani tare da koren, wanda ba ya sa mutum ƙiftawa amma yana ƙona bayan ido.